Na'ibi Mai Guduma da Taragon Khumra

Na'ibi ɗan gwaggona ne, ni kuma ɗan kawunsa. Taubashina ne ke nan, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, ko alƙali ba ya shiga tsakani. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, wato bawana ne tun yana ciki, ko da yake har ya yi furfura bai taɓa yarda ba.

A Mai Wurno aka haife mu, can Sudan, wata uku tsakaninmu. Gwaggo ta ce ranar sunansa sai da ƙarti biyu suka danne shi kafin wanzami ya samu ya yi masa aski, don ƙafarsa ta ƙi daina harbi. To wannan ƙafar ita ce tarihinsa kakaf. In ya zauna, ta dama tana rawa. In ya danne ta da hannu, ta hagu ta karɓa. Ni na yi aji uku a makaranta kafin in gudu. Shi kwana uku ya yi, a na huɗu bencin da kansa ya nemi a sallame shi.

Yana saurayi ya shiga aikin jirgin ƙasa a Sannar. Aikinsa shi ne idan jirgin kaya ya tsaya, ya bi taragun ɗaya bayan ɗaya da wata doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu na ƙarfe. Lafiyayyar ƙafa takan amsa da doguwar ƙara, tiiin, kamar an buga tasa. Mai tsaga kuwa ƙwal za ta ce, ta yi shiru. Wanda ya ji ba lafiya, sai ya zaro alli daga bayan kunne ya zana masa da'ira a jiki. Tarago mai da'ira ba ya tafiya, ko kayan wane ne a ciki. Kuma in ji Na'ibi, wanda ya zana shi ne zai goge da hannunsa bayan an gyara, don mai guduma na ƙwarai ba ya barin tasha da allinsa a jikin tarago. Wannan ne kaɗai karatun da ya zauna masa a ka.

Aikin ya dace da shi, don ba a zama. Daga Sannar sai Kosti, daga Kosti sai Atbara, daga nan sai Bur Sudan. A can ne wani ya ce masa ai ƙasar Saudiyya an shimfiɗa sabon dogo, ana neman masu kunne irin nasa. Bawan Allah bai tambayi a wane gari ba. Shekara biyu bayan Turawa sun bar Sudan ya shiga jirgin ruwan alhazai, kayansa jaka ɗaya da guduma. Ni na riga shi zuwa Jidda, ina tuƙa motar kaya, don haka ni na je taryarsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce:

"Ubale, ina tashar?"

"Wace tasha?"

"Ta jirgin ƙasa mana."

Na yi dariya har sai da wani ɗan sanda ya zo ya ga ko farfaɗiya ce. Na ce, "Bawana, dogon yana Dammam, can gabas, bakin wani tekun daban. Nan Jidda ko ƙusar dogo babu. Ka zo biki, amma garin ne ba shi ba."

Ya tsaya da guduma a kafaɗa, ƙafa na rawa, ya ce, "To wace hanya ce ta Dammam?"

Ya ce da an sauko daga Arfa zai wuce. Aka sauko, sai maganar iƙama, wato takardar izinin zama, ta riƙe shi. Kafin takarda ta fito sai ya ga Mastura.

Mastura haihuwar Jidda ce, a nan unguwarmu ta Karantina. Kakanta ne ya taho daga Katsina a ƙafa. Hausarta rabi Larabci ce, in ta yi fushi kuwa duka Larabci ce. Ita kaɗai ce 'yar Inna Dela, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ta ce ubanta bai yi tafiyar shekara bakwai don ya kusanci Makka ba sannan ita a kwashe ta a kai ta mutuwa bakin wani teku. Inna Dela ba ta tashi, Mastura ba ta barin uwarta. Kowa ya san haka ranar ɗaurin aure, har da angon.

Aka haifi Saudatu. Na'ibi ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya yi gadi, ya yi gareji, ya yi turin kurar ruwa, ya sake gareji. Na taɓa ƙirga masa aiki goma sha ɗaya a shekara guda, shi ya ce tara ne, kamar wannan abin alfahari ne. Kuma gudumar ba ta huta ba. Tukunya, durom ɗin ruwa, ƙafar keken jaki, ƙofar masallaci, duk abin da ya gitta sai ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Ya taɓa ɗan taɓa min ƙeya da ita, ya ce, "Ƙwal. Tun haihuwa ne, ba ta gyaruwa."

Kowace shekara bayan aikin hajji sai ya ɗaure jaka. Mastura ta zuba masa ido. Jakar ta kwana uku a bakin ƙofa, sannan wani abu ya taso, zazzaɓin Saudatu ko gwiwar Inna, a kwance ta. Shekara takwas ana haka. A ta tara sai ga wasiƙa daga Rafi'u, abokin aikinsa na Atbara wanda ya isa Dammam tuntuni. Ya ce akwai gurbin mai guduma, kafili ma, wato ɗan ƙasar da zai tsaya masa, ya samu, duk ranar da Na'ibi ya zo aiki na jiransa. Wannan karon jakar ba ta bakin ƙofa, tana kafaɗarsa yana zagaya tsakar gida da ita. Mastura ta daina cin abinci sosai. Ta san maza da yawa da suka tafi gabas da sunan wata shida, 'ya'yansu suka yi aure ba su dawo ba.

A makon nan ne na yi tsokanar da ta zame mana aiki. Ina kai kaya wani sito a Khumra, kudu da gari, inda babu komai sai ɗakunan ajiya da makera da rana. A bayan siton akwai wani tsohon taragon kaya da wani kamfani ya yi jigilar duwatsu da shi, ya gama aikinsa ya watsar. Yana zaune a kan guntun dogo da bai fi taku sittin ba, gaba rairayi, baya rairayi. Tsatsa ta ci shi har ta ƙoshi ta bar saura. Katakon ya ruɓe, awaki sun mai da cikinsa gidan haihuwa.

Na ce, "Bawana, ajiye jakar nan. Ashe akwai jirgin ƙasa a Jidda, ni ne ban sani ba. Zo in kai ka tasha."

Ya faɗa mota da sauri. Muka isa, na nuna masa da hannu biyu kamar mai gabatar da amarya, ina jiran ya bi ni da gudu. Bai ko kalle ni ba. Ya zagaya taragon sau uku. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya ɗaga guduma ya buga ƙafa ta farko: ƙwal, tsatsa ta zubo. Kafin in ce wani abu hannunsa ya tafi bayan kunne. Ashe shekara tara yana yawo da alli! Ya zana da'ira a jikin taragon, ya ja da baya, sannan ya ga abin da ya yi.

Na ce, "To, mai guduma, an ce ba a barin tasha da alli a jikin tarago."

Ƙafa na ta aikinta. Can ya ce, "Wata biyu. Ranar da ya yi tafiya in goge allina, washegari ina hanyar Dammam."

Mai siton ya ce ba ruwansa, in ya ga dama ya kwana a ciki. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya yi masa alkawarin ko shayi. Kullum in ya tashi daga gareji sai Khumra, ran Juma'a kuwa daga masallaci can yake zarcewa. Ya kori awaki. Ya kankare tsatsa da guntun ƙarfe har tafin hannunsa ya koma kamar bayan kada. Ya buɗe akwatunan mai da ke kan ƙafafun, ya kwashe ƙasar da ke ciki, ya cusa sabuwar auduga jiƙe da baƙin mai. Mutane suka fara zuwa kallon mahaukaci, sai kallo ya koma kamu. Abdulghani mai walda, wanda makerarsa ke kusa, ya fara da ba da shawara daga nesa, kafin wata ya fita shi ke janyo wayarsa ya like inda ya ɓalle. Yahya kafinta ya riƙa kawo katakon akwatunan kaya. Wasu tsoffin alhazai da suka taɓa hawa irin wannan tarago daga Kosti, su da buhunan dawa, suka mai da inuwarsa majalisa, kowa na faɗin yadda na zamaninsu ya fi wannan.

Abu ya fara kama da tarago. Ran nan na shiga gidansu Na'ibi da rana, ba ya nan, Mastura ta ajiye min shinkafa da kifi, irin wadda ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu. Na san ba banza ba, don ba ta taɓa ba ni tsakiyar kifi ba sai kai.

Ta ce, "Ya Ubale, saura nawa a gama?"

"Mako uku, in Allah ya so."

"Kai ka kai shi wurin, sah, ko ba haka ba? To wallahi in ya gama ya tafi, kai da bakinka za ka faɗa wa Saudatu inda ubanta ya nufa." Ta tura min kwanon. "Kul, kul, ci abinka. Motarka ba ta bin Khumra da azahar ne, lokacin da kowa ke barci?"

Na dubi kifi, kifi ya dube ni.

Washegari da tsakar rana, ko ƙadangare ya shige inuwa, na kwance noti huɗu daga birki na kawo mata. Ta jefa su cikin wani tsohon gwangwanin man shanu, ta rufe, ta ɗora a kan kantar madafa cikin sauran gwangwanaye. Daga nan abin ya zama sana'a. Ba na ɗaukar abin da zai kashe aikin, sai wanda zai sa a koma baya: noti yau, ƙusar ƙofa jibi, wani lokaci in zuba rairayi cikin akwatin mai. Irin notin nan kuma ba a sayar da su a Jidda, sai Na'ibi ya yi kwana goma yana tonon bola daga Khumra har Sharafiyya kafin ya samu mai shiga.

Abdulghani ya ce ɓarayi ne. Yahya ya ce wane ɓarawo ne zai bar katako ya saci noti? Tsoffin majalisa suka yanke hukunci cewa aljanu ne, har aka yi turare. Ni na fi kowa zagin ɓarawon. Na tsine masa, na tsine wa wanda ya aike shi, har Na'ibi ya ce, "Ya isa, kada ka shafi iyayensa, wataƙila mutanen kirki ne."

Wata biyu suka zama shekara uku. Rafi'u ya aiko wasiƙa ta biyu, ya aiko ta uku. Na'ibi na ninke su yana sa wa cikin hula. Ya rame, ƙafar kuwa ta ƙara wuta, in yana cin abinci kwanon kowa rawa yake. Wani lokaci in na ga yadda yake tsayawa bakin titi yana bin manyan motocin gabas da ido, sai in ji ba daɗi. Amma in na shiga gida na ga Saudatu a kan cinyarsa tana wasa da allin kunnensa, sai in koma da azahar in kwance wani.

Abin da muka manta da shi, ni da Mastura, shi ne gudumar. Wata safiya ya shiga madafa neman ashana, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya bi gwangwanayen kanta yana taɓawa ɗaya-ɗaya. Na sukari, na shinkafa, na gishiri. Ya zo kan na man shanu, ya ɗan buga. Ƙarfe ya amsa daga ciki, caras. Mastura tana tsugune gaban murhu, ta ce min ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ya sake bugawa, ya kasa kunne. Bai buɗe ba. Ya ce:

"Man nan ya yi ƙashi."

Ya fita, ko ashanar bai ɗauka ba.

Da azahar na je da sifanata, na tarar kowane noti Abdulghani ya ɗiga masa walda, akwatunan mai kuma an sa musu kwaɗo. Na'ibi na zaune a kan taragon cikin ranar nan, ƙafafu na lilo.

"Sannu da zuwa, ɗan kawu. Sifana ce a hannunka?"

"Motata ce ke ciwo."

"Allah ya ba ta lafiya."

Bai ƙara ko kalma ba, a gida ma bai ce uffan ba. Shirun ya fi duka zafi. Cikin kwana ashirin aka gama. Aka shafa jan fenti, aka gyara ƙofa har tana zamewa da yatsa ɗaya. Da'irar alli kaɗai aka zagaye aka bari, don ya ce ba a fente ta, gogewa ake yi. Ya sa ranar Juma'a bayan la'asar za a tura. Ya je ya kama wuri a motar da ke tashi gabas ran Asabar.

Mastura ba ta roƙe shi ba. Ita da kanta ta wanke kayansa, ta ɗaure jakar, ta sa dabino da busasshen nama. Ta ce min, "Halas, shi ke nan. Na riƙe shi shekara uku da sata, ba zan riƙe shi da kuka ba." Kuma ta ɗauko jakar ta taho da ita Khumra a gaban motata, wai ya gani da idonsa cewa ba wanda ya tare masa hanya.

Ranar kam Karantina ta zube a Khumra. Ni na ce mutum dubu, Yahya ya ce tamanin, to ku ɗauki na tsakiya. Aka ɗaga Inna Dela da kujerarta aka ɗora a ciki, don ta ce ba za ta mutu ba ta ga abin da ya haukata surukinta ba. Na'ibi ya saki birki ya ce, "Yalla, ku tura!" Muka sa kafaɗa. Ya yi ƙara ɗaya kamar tsoho zai miƙe, sai ya tafi, sumul, har ya fi ƙarfinmu muka koma bin sa da gudu. Inna Dela na ihu, "A tsaya! Ba Dammam na ce ba!" Taku sittin, Na'ibi ya ja birki, ya tsaya cak a bakin rairayi. Mata suka rangaɗa guɗa. Tsoffin majalisa har da masu share hawaye.

Saura gwaji na ƙarshe. Ya ɗauki guduma ya nufi ƙafa ta farko. Tiiin. Ta biyu, tiiin. Ya zagaya ɗaya gefen, ta uku, tiiin. Ta huɗu tana daidai inda mata suka tsaya. Mastura na gaba, jaka a hannu ɗaya, Saudatu riƙe da ɗayan. Ya buga. Wallahi ban taɓa jin ƙarfe ya yi waƙa haka ba. Na tabbata masunta a teku sun ji, sun zaci kiran salla ne.

Abdulghani ya ce, "Mabruk, barka dai, ya usta, gwanin gwanaye! Goge, goge!"

Na'ibi ya ciro tsumma daga aljihu. Ya tsaya da shi a hannu. Ya dubi jakar, ya dubi mai riƙe da ita. Ita ba ta dube shi ba, taragon take kallo kamar ita za ta saya. Ya mayar da tsumman aljihu, ya sake buga ƙafar. Ta sake rerawa, har ta fi ta farko. Ya karkata kai, ya ɓata fuska.

"Akwai tsaga."

Abdulghani ya yi tsalle. "Tsaga? Ya shekh, ka ji tsoron Allah! Ni na duba ƙafar nan da hannuna. Kowa ya ji ta!"

"Kai mai walda ne ko mai guduma?"

"To a ina tsagar take? Nuna min!"

"A ciki. Siririya ce, ba ta ganuwa. Irin wannan sai an bi ta a hankali."

"Har yaushe?"

"Allahu a'alam."

Ya zaro alli daga bayan kunne, ya bi tsohuwar da'irar ya ƙara mata kauri. Sannan ya juyo wajen matarsa ya ce, "Ummu Saudatu, wannan jakar fa? Wa ya ce ki wahalar da kanki?"

Mastura ta ce, "Dabino ne na kawo wa mutane." Ta tsuguna ta kwance jakar, ta fara rabawa. Da ta zo kaina ta ba ni guda ɗaya, mai tsutsa.

Da za mu koma ya shiga gaban mota kusa da ni. Ƙafarsa na dukan ƙasan motar kamar za ta huda shi. Sai da muka yi nisa ya ce, "Gobe ka biya ka ce wa mai motar gabas ya ba wani wurina. Sannan ka karɓo min gwangwanin nan, notina ne. Kai kuma ka huta da yawon azahar, na karɓi aikinka."

Na ce, "Ni ban san zancen da kake yi ba."

Ya ɗan taɓa min ƙeya da ƙotar guduma. "Ƙwal," ya ce.

Kada wani ya zaci daga nan ya natsu. Ya sake canza aiki sau shida. Wasiƙun Rafi'u na cikin hularsa har suka narke da gumi, kuma bai daina tsayawa bakin titi yana kallon motocin gabas ba. Amma kowace Juma'a yana Khumra, yana zuba mai, yana share dogo, a tura taragon taku sittin a dawo da shi, yara a ciki suna ihu. In an gama ya bi ƙafafun da guduma, uku su wuce, ta huɗu ya girgiza kai. Saudatu ta yi aure ta haihu, Inna Dela ta rasu aka binne ta a inda take so, ƙafar nan ba ta warke ba. Bayan rasuwar Inna na ce masa ai yanzu hanya ta buɗe, Mastura ma ta ce in zai tafi za ta bi shi. Ya ce in rufa masa asiri, wa zai bar wa tarago da tsaga?